Littafin atisaye: 'yan matanmu na Aboabo, Kumasi, ƙasar Ghana, 2025

Asabar, 11 ga Janairu

Yau muka koma fili bayan hutun ƙarshen shekara. Yara 19 suka zo cikin 23 da ke littafina, daga mai shekara 12 zuwa mai 15. Hunturu ya busar da filin makarantar da muke aro, ya koma sakora sosai, ko tsinken ciyawa babu, ƙwallo na tsalle kamar an buga ta a kan siminti. Samari sun riƙe filin har ƙarfe huɗu da rabi, kamar kullum, sai da na tsaya a tsakiyarsa da usur a baki kafin suka kwashe duwatsun da suka yi gola da su.

Ba zan kira sunan kowa a nan ba, yara ne. Da laƙabin fili zan kira su.

Bara mun ɗauki kofi a gala biyu, mutanen unguwa suka yi ta yi mini barka, ni ma na yi ta amsawa. Cikin hutu na zauna na kalli bidiyon wasan ƙarshe da ƙanena ya ɗauka da waya, sai kunya ta kama ni. Dabararmu guda ce tak: Gola ta kama, ta narka sama, Doguwa ta tsere wa kowa ta zura. Na ƙirga sau nawa Mai Hagu, wadda nake cewa ita ce 'yar tsakiyarmu, ta taɓa ƙwallo a wasan duka. Sau shida. Sauran lokacin wuyanta ne ya yi aiki, tana bin ƙwallo da kallo a sama kamar mai neman jinjirin wata.

Doguwa ta fi sa'o'inta tsawo da gudu ne yanzu kawai. Nan da shekara biyu za su cim mata, kuma a lokacin ban koya mata komai ba, ban koya musu komai ba. Saboda haka bana aikinmu guda: kowace yarinya ta waiga ta ga abin da ke bayanta kafin ƙwallo ta iso ƙafarta, kuma mu fito da ƙwallo a ƙasa tun daga Gola. Na gaya musu za a ci mu. Suka yi dariya, sun ɗauka wasa nake.

Alhamis, 23 ga Janairu

Da'irar huɗu da ɗaya muke ta yi, mutum huɗu na ba juna, ɗaya a tsakiya tana farauta. Na ƙara wani abu: ina tsayawa bayan mai jiran ƙwallo in ɗaga yatsu, dole ta waiga ta faɗi nawa ne kafin ta tare. Muryata ta dishe da “Waiga! Waiga!” Yawancinsu suna waigawa ne don in gani, kai ya juya amma ido bai ɗauko komai ba. Na ɗaga uku, wata ta ce biyar da ƙarfin hali.

Ƙwallo bakwai gare mu, biyu na sacewa. Mazubin ruwa na roba da muka cika da yashi su ne alamomin fili.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mai Hagu ba ta zo ba sau uku a jere. Ƙawarta ta ce babanta ne ya hana. Jiya bayan la'asar na yafa mayafi na tafi gidansu a Asawase, na sami Alhaji a zaure yana lissafin buhunan goro.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, “Malama, ke ce mai ƙwallon?”

Na ce, “Ni ce, Baba.”

Ya ce shi ba ƙwallon yake ƙi ba, shi da ya yi shekaru yana bin ƙungiyar ƙwallon King Faisal har Accra. Abin da ya dame shi, ranar Talata yana dawowa daga masallaci bayan magariba ya ci karo da 'yarsa a bakin titi, ƙura har gira, gwiwa a waje, samari na zaune a benci suna kallo. Ya ce, “Ke ma 'yar wani ce. In babanki ne, ya zai ji?”

Ban yi gardama ba, domin gaskiyarsa ce, kuma laifina ne: na ƙara minti goma sha biyar a atisayen ranar don samari sun ci mana lokaci. Na nuna masa hoton Nouhaila Benzina a waya, 'yar bayan Maroko da ta buga gasar cin kofin duniya ta 2023 da hijabinta, na ce masa tun 2014 dokar ƙwallo ta halatta rufe kai a fili. Ya riƙe wayar nesa da ido ya daɗe yana dubawa. Ya ce, “Wannan ai ta rufe jikinta fiye da wasu masu zuwa biki.”

Muka daidaita a kan abin da ya gindaya. Dogon wando a ƙarƙashin gajeren, hijabin wasa mara allura, kafin a kira magariba tana cikin gida, kuma ranar da malamin makaranta ya kawo ƙarar ta yi fashin karatun Asabar ko Lahadi saboda ƙwallo, an gama. Da zan tashi ya ce, “To, in ta iya ɗin, a gaya mini.” Hajiya ta bi ni har ƙofa da ƙullin goro, ta ce a hankali, “Kada ki damu, shi ya koya mata bugu da hagun tana ƙarama.”

Sharaɗin Alhaji na mayar da shi doka ga kowa. Ƙarfe shida saura kwata usur na ƙarshe, ko da a tsakiyar me muke.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wasan sada zumunta na farko, da wata ƙungiya daga wajen Tafo. An ci mu 4 da nema.

Ƙwallo uku daga cikin huɗun mu muka miƙa da hannunmu. Tun 2019 doka ta ba da damar a karɓi bugun gola a cikin da'irar 18, ba sai ta fita ba, shi ya sa na sa 'yan bayana biyu su buɗe hagu da dama kusa da Gola. A atisaye abin gwanin kyau. Yau da suka ga mutum na zuwa da gudu, ƙafa ta mutu. Ta dama ta tare ƙwallo tana fuskantar ragarta, ba ta waiga ba, aka ƙwace, aka ci. Bayan minti biyar haka ta sake faruwa, a wuri guda, da yarinya guda.

'Yan kallo suka yi caa. “Awe! Awe! Ku fitar da ita!” Wani mai shayi da ya saba ba mu ruwa ya zo har bayana yana cewa, “Koci, wannan ba Basalona ba ce, Aboabo ce.” Ban tanka ba, amma maganarsa da ƙamshin gaskiya: a kan sakora ƙwallo ba ta tafiya yadda aka aike ta, tana iya cin karo da tsakuwa ta canza hanya. Wanda ya koyi tarewa a nan, ranar da ya hau kafet sai ya ga kamar an rage masa aiki.

A hutun rabin lokaci Gola ta zo da hawaye ta ce, “Anti, ki bari in buga sama.” Na ce a'a. A raina ina son in ce e.

Abu guda na ɗauko daga wasan. Ana saura kaɗan a tashi, Mai Hagu ta waiga, da gaske wannan karon, ta ga babu kowa a bayanta, ta bar ƙwallon ta wuce ta gabanta ta juya da ita ba tare da ta taɓa ba. 'Yar da ke tsaronta ta tsaya tana neman inda ta shiga. Babu wanda ya tafa sai ni.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama mako. Na yi niyyar mu riƙa yin minti arba'in na taɓa ƙwallo kawai kafin shan ruwa, yadda samari ke yi, ranar farko yara huɗu suka zo. Na manta abin da na sani sarai: a wannan lokacin 'ya mace tana madafa, tana tace koko, tana suyar ƙosai, ko tana kai kwanon buɗa-baki gidajen dangi. Yayyensu maza ne ke da la'asar ɗin azumi.

Na soke atisaye har bayan Sallah. Kowacce na ba ta aikin gida: bango da ƙwallo, ko ƙwallon leda ce, hamsin da dama hamsin da hagu, duk lokacin da ta samu.

Asabar, 5 ga Afrilu

Mun dawo. Jiki ya yi nauyi, ruwan farko ya kwantar da ƙura.

Wani mutum da ke yawo tsakanin ƙungiyoyin yara ya kawo mini 'yan mata biyu, da takardun haihuwa sababbi fil, kowacce ta nuna shekara 14. Ɗayar na san ta, tare da ƙanwata suka yi JHS, wato ƙaramar sakandare, ƙanwata kuwa bana take cika 19. Ya ce, “Kowa haka yake yi, Malama. In ba ki sa su ba, da su za a ci ki.” Mai yiwuwa haka ne. Na ce su zo atisaye in suna so, fili na kowa ne, amma ba zan rubuta su a gasar 'yan ƙasa da 15 ba. Bai sake kirana ba.

Ba tsarki nake nunawa ba. Lissafi ne: in na sa 'yar 18 a tsakiya, Mai Hagu za ta koma benci, kuma ita nake ginawa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Doguwa ta yi fushi. Mako biyu ke nan na sa mata dokar taɓawa biyu a atisaye, na kuma mayar da ita baya a wasan cikin gida don ta ga fili daga can. Ranar Alhamis ta cire riga mai lamba ta ajiye a kan jakata ta ce, “Ni ce nake ci muku ƙwallo, ni kuma ake wa horo.” Ta tafi.

Yau na bi ta kasuwar Kejetia, inda take taya mamanta sayar da atamfa ranar Asabar da rana. Muka zauna a bayan shago. Na tambaye ta wa take so ta zama, na san amsar: Mukarama Abdulai. Kowace yarinyar zango ita take kira. 'Yar Tamale ce, ta ci ƙwallo 7 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a Uruguwai a 2018 ta ɗauki takalmin zinare, kuma bara a Cape Coast ita ta ci wa Black Princesses, 'yan matan Ghana 'yan ƙasa da 20, ƙwallon da ta ba mu zinare a kan Najeriya a wasannin Afirka. Na ce mata, a irin waɗancan wasanni kowace 'yar baya tana da gudunki, wata ta fi ki. Da me za ki wuce ta? Ta yi shiru tana wasa da bakin zane.

Mamanta, da ashe tana jin mu, ta leƙo ta ce, “Malama, ki bar lallashinta. Ko ɗinki aka kai ta koyo, ba da yankan leshi za ta fara ba.” Ta ce da Doguwa, “Talata ki koma.”

Na ga kuskurena a nan. Na canza mata matsayi ban zaunar da ita na faɗa mata dalili ba. Yarinya mai shekara 15 da duk unguwa ke kira da sunan gwarzuwa, ka wayi gari ka ce ta koma baya a gaban ƙannenta, dole ta ɗauka wulaƙanci ne.

Asabar, 10 ga Mayu

Ranar da ba na so in rubuta.

Muna da wasa a wajen Asokore Mampong. Trotro ɗin, wato motar hayar, da muka yi ciniki da shi bai zo ba, muka rarrabu a pragya huɗu, keke mai ƙafa uku, muka isa ana saura minti biyar. Alƙalin wasa ya ce ba zai jira ba. Na ce yara su ɗan zagaya fili sau ɗaya su shiga. Minti na sha biyu, Kyaftin ta yi tsalle ta sa kai, ta sauka a ƙafa ɗaya, gwiwar ta karkata ciki. Babu wanda ya taɓa ta. Daga inda nake na ji ihunta, ba irin na wanda aka taka ba.

Na ɗaure da ƙanƙarar da muka saya wajen mai piya wata, muka kai ta asibiti. Allah ya sa katin inshorar lafiyarta bai mutu ba, domin a farkon shekara na bi gida gida na duba na kowa. Likita ya ce jijiyar gefen gwiwa ce ta ja, ta cikin ba ta tsinke ba, amma aƙalla mako shida babu ƙwallo. Kakarta ta so a kai ta wajen mai ɗori. Na roƙe ta da girman Allah, na ce, “Iya, ba karaya ba ce, in aka murɗa za a ƙara ɓata ta.” Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗin za ta shafa mata man kaɗanya. Na ce ta shafa har ya ƙare.

Ba zan iya rantsuwa cewa da mun ɗumama jiki da abin bai faru ba. Amma na san 'yan mata sun fi samari saurin samun rauni a jijiyar gwiwa, musamman a irin wannan saukar da juyawar gaggawa, kuma na san akwai tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+ da aka yi don rage hakan. Minti ashirin ne, ba ya buƙatar kayan aiki: sassarfa, tsayuwa a ƙafa ɗaya, durƙuso, tsalle da sauka gwiwa na kallon yatsun ƙafa, da wanda mutum ke durƙusawa a riƙe masa dugadugai ya sunkuya gaba a hankali. Takardarsa na cikin jakata tun kwas ɗin da na yi. Ina tsallake shi ne don minti ashirin cikin awa ɗaya da kwata da samari ke bar mana ya yi mini yawa.

Daga Talata da shi za mu riƙa farawa. In alƙali ba zai jira ba, ya ba su maki.

Wasan kuwa 1 da 1 aka tashi, ban ma ga ƙwallonmu ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na daɗe ina lura da wani fashi a littafin suna: yarinya ta ɓace kwana huɗu ko biyar, ta dawo ta ce ciwon kai. Wata mai zuwa haka. Yau ruwa ya kore mu cikin aji, na rufe ƙofa na buɗe maganar al'ada kai tsaye. Da fari kowa ta sunkuyar da kai, sai Doguwa, da ta dawo da bakinta, ta ce, “Anti, farin wandon nan ne. Wa zai sa shi a gaban samarin can?”

Farin gajeren wando wani bawan Allah ya ba mu kyauta bara, na karɓa da godiya ban yi tunanin komai ba, ni da nake mace. 'Yan wasan Ingila ma sai a 2023 aka canza musu fari zuwa shuɗi saboda wannan dalili. Na kai wandunan wajen mai rini, sun dawo baƙaƙe. Na sa ƙunshin audugar mata a jakar magani, na ce wadda ke buƙata ta ɗauka ba sai ta tambaya ba. Gwamnati ta ƙaddamar da rabon ta kyauta ga 'yan makaranta a watan jiya, amma jakata ba za ta jira ba.

Wadda cikinta ke murɗa sosai ta zo ta zauna ta riƙe mini agogo. Zuwan nake so kada ya yanke.

Asabar, 7 ga Yuni

Barka da Sallah. Yara shida na sallama har sai sun gama BECE, jarrabawar kammala JHS, da Doguwa da Gola a ciki. Wata ta ce za ta iya haɗawa, na ce ban yarda ba. Kwata ta cika ta malalo gefen filin, kusurwar gabas ta zama tabki. Da yara goma sha ɗaya muke yin biyar da biyar a busasshen gefe, kuma abin mamaki, ƙanƙantar wurin ta yi mana amfani fiye da duk ihuna: babu inda za a narka ƙwallo, dole a nemi ƙafar 'yar'uwa.

Auta, mai shekara 12, ita ta shiga raga. Tsoron ƙwallo take, tana rufe ido. Amma ƙafarta ta fi ta Gola.

Asabar, 26 ga Yuli

Makon nan a gaban talabijin muka yi atisaye. Hajiyar Mai Hagu ta buɗe mana falonta, muka kalli Black Queens, babbar ƙungiyar matan Ghana, a gasar Afirka a Maroko, yara goma sha biyar a kan leda, Alhaji a kujerarsa yana cewa shi wucewa kawai yake. Bai wuce ba.

Wasa uku a jere sai da aka kai ga fenareti. Mun fitar da Aljeriya, masu gida suka fitar da mu ranar Talata bayan 1 da 1, jiya kuma muka doke Afirka ta Kudu muka ɗauki tagulla, lambar farko tun 2016. Waɗannan 'yan Afirka ta Kudun su suka ci mu 2 da nema a wasan farko na rukuni. Da aka buga ta ƙarshe yara suka fita tsakar gida da ihu har maƙwabta suka leƙo.

Kafin kowane wasa na ba kowacce aiki: ki zaɓi 'yar wasa guda a matsayinki, ki bar kallon ƙwallo, ki kalle ta. Da wuya, domin kyamara ƙwallo take bi. Duk da haka Mai Hagu ta daka tsalle a tsakiyar wasan Maroko tana nuna allo, “Ta waiga! Anti, kin gani? Sau biyu ta waiga!” Alhaji ya dube ta, ya dube ni, bai ce komai ba.

Yau a fili kowa gola take so ta zama, saboda golar Black Queens, Cynthia Konlan, da fenaretin da ta kaɗe. Na bar su suka yi ta bugu har lokaci ya ƙare. Na ba su labarin cewa tun ba a haife su ba Alberta Sackey ta ci Ostareliya ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2003, kuma a 2012 Black Maidens, 'yan ƙasa da 17 ɗinmu, suka zo na uku a duniya a Azarbaijan. Ba su san ko ɗaya ba. Abin da suka sani shi ne wasan ƙarshe na gasar yankin Afirka ta Yamma na 2023 a filin Baba Yara, nan kusa da mu, da Princesses suka ci Najeriya a fenareti, don wasunsu sun shiga kallo.

Kyaftin ta fara sassarfa a miƙe. Juyawa tukuna.

Asabar, 16 ga Agusta

Galar hutu, ƙungiya takwas, a kan kafet, minti ashirin ashirin. Mun ci wasa biyu, mun yi canjaras ɗaya, aka fitar da mu a na kusa da ƙarshe da 2 da 1. Cikin waɗanda suka fitar da mu har da 'yar ajin ƙanwata, lamba 8 a bayanta, ita ta ci ta biyun. Mutumin da ya kawo mini ita yana bakin fili, ya ɗaga mini hannu. Na ɗaga masa.

Ƙwallonmu guda a wasan nake so in rubuta dalla-dalla don kada in manta. Gola ta ajiye bugun gola, 'yan kallo sun fara “Awe!” Ta miƙa wa 'yar bayan dama, yarinyar nan da aka ƙwace wa sau biyu a Fabrairu. Mutum na zuwa mata da gudu. Ta riga ta buɗe jiki, kafaɗa na kallon fili, ta tare da ƙafar nesa ta mayar wa Gola. Gola ta juya ta hagu. Ta hagu ta tura tsakiya. Mai Hagu ta waiga, ta ga an manne mata, ba ta juya ba, taɓawa ɗaya ta sake ta gefe ta ruga. Aka mayar mata a gaba. A nan Doguwa ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba: maimakon ta tsere, ta sauko ta ba raga baya, ta jawo 'yar bayansu ta fito, ta ɗan goga ƙwallon da gefen ƙafa cikin ramin da ta bari. Wata siririyar yarinya da bara ko sau ɗaya ba ta ci ba, ita ta shigo ta tura a raga.

Doguwa ta fi mai cin murna, har ta ɗauke ta sama. Mai shayi, da ya biyo mu a kan babur ɗinsa, ya dafa kai yana cewa, “Kai! Kai! Kai!” Bayan an tashi kuma ya zo ya ce da mun buga sama da mun ɗauki kofin. Wataƙila.

Kuskuren da ya jawo ƙwallonsu ta farko irin na da ne, a bakin ragarmu. Har yanzu in an matsa mana da mutum uku muna rikicewa, kuma ban koya musu lokacin da ya kamata a buga dogo ba. Na yi ta hana shi har suka ɗauka haramun ne. Sau biyu Doguwa na tsaye ita kaɗai a gaba, Gola ta gan ta, ta ƙi bugawa don tsoron fuskata. Wannan gyaran nawa ne.

Asabar, 27 ga Satumba

Sakamako ya fito, an rarraba makarantu. Duka shidan sun samu, alhamdu lillahi. Huɗu makarantar kwana za su yi, biyu a wajen Kumasi ma. Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a 2017 haka abin yake kowace shekara, kuma babu mai hankalin da zai yi kuka da shi, sai dai ni nan nake rasa gola, da 'yar gaba, da rabin bayana a wata guda. Na rubuta wa kowacce takarda ta kai wa malamin wasanni na makarantarta: matsayinta, ƙafar da ta fi, abin da ya rage mata. A ta Doguwa na rubuta tana buga gaba da baya. Ta karanta ta harare ni, ta ninke ta sa a jaka.

Wani mai horar da wata ƙungiyar mata ta rukunin yanki ya tambaye ni Mai Hagu. Na ce shekararta 14, sai ta gama JHS, kuma ba ni za a tambaya ba, akwai zaure a Asawase. Na gaya wa Alhaji dai, tunda ya ce in ta iya a faɗa masa. Ya ce, “Na gani da idona a galar nan.” Ashe ya je, ya tsaya can bayan waya da lema.

Sababbi tara suka zo yau, ƙanana, biyu da silifas, ɗaya da ƙaninta goye don babu mai riƙe shi a gida. Kyaftin ta karɓi yaron ta zauna da shi a kan jakar ƙwallaye. Na ba Mai Hagu su ta yi musu da'ira yayin da nake ɗaure wa Auta safar hannun da Gola ta bar mata, ta yi mata yawa, sai da muka naɗa da salatif. Ina cikin naɗawa na ji muryarta daga can, ta tsaya bayan wata 'yar ficiciya ta ɗaga yatsu uku.

“Waiga! Nawa ne?”

Yarinyar ta ce biyar.

Talata ƙarfe huɗu da rabi, in samari sun tashi. Ina bin mai faci ƙwallo biyu.